Yara masu doguwar jinya ma yara ne, a daina zaunar da su a gefe

Assalamu alaikum Edita, barka da aiki. Dan Allah ka ɗan bani fili a jaridarka mai farin jini in faɗi wani abu da ya daɗe yana ci min rai, kuma tun daga farko bari in faɗa maka ba ƙarar kowa na kawo ba, dan in za a kama mai laifi a wannan magana to ni za a fara kamawa.

Ni uwa ce, 'ya'yana huɗu, na biyun yana da sikila, yanzu shekararsa 11. Wata rana bara naje makarantarsu in ɗauke shi da wuri sabida muna da ganin likita, sai na tarar 'yan ajinsu duk suna fili ana ta guje-guje da ihu, na duba na duba ban ganshi ba, can sai na hango shi a jikin katanga zaune a inuwa, an tara masa jakunkuna da takalman 'yan ajin kaf a gabansa kamar mai tallansu. Na ce kai me kake yi anan, ya ce min Umma ai ni ne mai gadin jaka. Kuma wallahi da murmushinsa ya faɗa, kamar wani muƙami aka bashi. Na tambayi malamin tun yaushe ake haka, malam ya kalle ni da mamaki ya ce Hajiya ai ke kika rubuto mana takarda tun shigarsa cewa kar a bari ya wahala ko kaɗan. Nayi shiru, dan gaskiya ya faɗa, ni na rubuta da hannuna, har na ja layi biyu a ƙarƙashin ko kaɗan ɗin. Shekara biyar kenan yaron nan yana gadin jaka duk sati bisa umarnina ban sani ba.

Da na dawo gida na zauna na lissafa sai naga ashe a gidan ma haka yake. Ba a aikensa, baya shara, baya wanke ko kofin da ya sha ruwa, in yara sun fita waje wasa shi yana taga yana leƙe, in an gayyace su gidan aboki a kai sauran a barshi. Kalmar da ya fi ji daga bakina ita ce kar ka. Kar ka gudu, kar ka hau, kar ka ɗauka, kar ka fita. Ƙanwarsa har ta taɓa ce min ita ma dama tana da sikila ta huta da aiki, shi kuma a nasa ɓangaren akwai ranar da na kira yayansa zan aike shi sai ya ce Umma ni ma ki aike ni mana ko sau ɗaya. Lokacin dariya nayi, yanzu kam in na tuna ba dariya nake ba.

Kar wani ya ga laifin iyaye da sauri fa. Wanda bai taɓa kwana zaune a bakin gadon asibiti yana jin ɗansa yana kiran ƙafata bayana ƙirjina har muryarsa ta dashe ba, an yi allura an sa ƙarin ruwa amma ciwon kamar ana ƙara masa wuta, ba zai gane dalilin da yasa uwa take son ta naɗe ɗanta a auduga ta ajiye ba. Tsoro ne, kuma tsoron yana da tushe. Sai dai ni abin da na gano a makare shi ne tsoron nan ma yana da nasa ciwon da yake sa wa yaro, kuma shi babu allurarsa.

Wata likitar yara ce ta fara buɗe min ido. Maimakon ta tambaye ni kamar yadda aka saba sai ta juya kujerarta ta fuskanci yaron ta ce masa, me kake so ka yi wanda ba a barinka? Bai ko yi tunani ba ya ce ƙwallo. Na yi caraf na ce likita ai kin san yanayinsa, ta ce na sani, shi yasa zan faɗa miki abin da zai iya da inda zai tsaya. Ta yi min bayani yadda ban taɓa ji ba duk da shekarun da na yi ina zirga-zirga, cewa ƙwayoyin jininsa ja kwana 10 zuwa 20 kawai suke yi su mutu alhali na mai lafiya suna kai kwana 120, shi yasa jininsa kullum a ƙasa yake kuma yake saurin gajiya, sannan in jiki ya rasa ruwa ko sanyi ya buge shi ko ya galabaita ko zazzaɓi ya shiga sai ƙwayoyin su lanƙwashe kamar lauje su toshe ƙananan hanyoyin jini, ciwon ya tashi. To ka ga ashe abin gudun shi ne ƙishi da galabaita da sanyi da tsananin zafi, ba motsin kansa ba. Ta ce ya sha ruwa kafin ya shiga da lokacin da yake ciki da bayan ya fito, ya riƙa hutawa tsakani, kar ya buga da tsakar rana, in ya ji numfashi ya ɗauke ko wani waje ya fara masa ciwo ya fito babu mai ce masa rago, in ya jiƙe da gumi ko ruwa ya canza kaya nan take, in saifarsa ta kumbura to babu wasan karo da juna sai an duba, in kuma jikinsa ya yi zafi ya kai digiri 38.5 wannan ba maganar wasa ba ce asibiti za a nufa. Shikenan fa. Abin da na kulle yaro shekara da shekaru a kansa ashe bai cika rabin takarda ba.

Daga nan ne na shiga bincike a intanet da daddare in yara sun yi barci, sai na ga ashe likitoci sun daɗe da sanin wannan hali namu har suna gareshi. Tun 1964 wasu likitocin yara biyu a Amurka, Morris Green da Albert Solnit, suka yi rubutu akan iyayen da ɗansu ya taɓa kai wa bakin mutuwa ya dawo, sai su ci gaba da kallonsa a matsayin mai shirin mutuwa har bayan haɗarin ya wuce, yaron ya tashi da tsoro da manne wa uwa da matsala a makaranta. Wanda ya fi bani mamaki shi ne na 1967 a birnin Siyatil na Amurka, inda aka bi yaran makaranta da aka rubuta cewa suna da matsalar zuciya aka sake duba su, sai aka tarar mafi yawansu zuciyarsu lafiya lau take, amma da yawa a cikinsu an riga an hana su wasa da motsa jiki akan ciwon da ma babu shi. To in mai lafiya ma kalma ɗaya ta likita ko tsoron uwa ya isa ya zaunar da shi, ina ga wanda ciwon nasa na gaske ne.

Hukumar lafiya ta duniya ma tun 2001 ta canza yadda ake auna lafiya da nakasa, ta ce ba a jiki kaɗai ake dubawa ba, a duba ko mutum yana shiga cikin al'amuran rayuwa ana yi da shi, da kuma abin da ke kewaye da shi da yake taimaka masa ko yake tare masa hanya, har ta fitar da na yara da matasa a 2007. Ni da na karanta sai na ce to ai ni ce abin da ke kewaye da shi, ni da malamai da dangi. Kuma yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta haƙƙin yara ta 1989 a sashe na 31 ƙarara ta ce wasa da hutu haƙƙin yaro ne, bata ce banda marar lafiya ba. Shawarar hukumar lafiyar ta 2020 kuma ita ce yara daga shekara 5 zuwa 17 su samu kamar minti 60 na motsa jiki a rana, har da masu nakasa gwargwadon halinsu. Nawa yaron a lokacin ko minti biyar baya samu sai dai tafiya daga aji zuwa bakin ƙofa.

A bencin jiran likita kuwa labarin iri ɗaya ne sunan ciwon ne kawai yake bambanta, dan mun saba da juna mu iyayen har mun zama kamar 'yan uwa. Akwai mai yarinya da asma, ta ce tun ranar da numfashin 'yar ya sarƙe a fili aka cire ta daga duk wani wasa, alhali abin da ake buƙata shi ne a riƙa shan maganin kariya yadda aka tsara, in likita ya ce ta shaƙi inhela mai shuɗin nan kamar minti 10 zuwa 15 kafin ta fara to ta shaƙa, ta fara a hankali jiki ya ɗumama, kuma inhelar ta kasance a aljihunta. Ita kuwa an karɓe an kulle a durowar ofis wai kar ta ɓata, kuma mai makullin ba kullum yake nan ba, dan Allah Edita wannan wace irin dabara ce. Paula Radcliffe 'yar Ingila da asmarta ta kafa tarihin gudun fanfalaki na mata na duniya a Landan a 2003. Akwai kuma mai yaro da ciwon suga irin wanda ake allurar insulin kullum, shi matsalarsa dokar hana cin abu a aji ce, sugansa ya faɗi ƙasa da 70 yana rawar jiki yana gumi yana buƙatar abu mai zaƙi nan take amma yana tsoron bulala, sai da ya zube. Masu kallon ƙwallo sun san Nacho tsohon ɗan wasan Real Madrid, yana shekara 12 aka gano yana da irin wannan ciwon, likitan farko ya ce masa ƙwallo ta ƙare, da ya je wajen ƙwararre aka ce masa motsa jikin ma yana cikin magani, shi ne ya ɗaga kofin zakarun Turai a 2024 yana kyaftin. Ban kawo su dan in ce kowane yaro zai zama su ba, nawa dai nasan ba zai buga wa kowace ƙungiya ba kuma ban damu ba, na kawo su ne dan wannan likitan farkon, sau nawa ake yanke wa yaro irin wannan hukuncin a cikin minti ɗaya kuma babu na biyun da zai warware.

Amma masu farfaɗiya su ne abin tausayin ya fi yawa a kansu, dan su ba tsoron kar su ji ciwo kaɗai ake ba, gudunsu ake. Wata baiwar Allah ta bamu labari tana hawaye cewa 'yarta ta faɗi a aji sau ɗaya, washegari babu wanda ya yarda ya zauna benci ɗaya da ita, iyaye suka yi ta zuwa suna cewa a raba ta da 'ya'yansu kar su ɗauka, daga ƙarshe ita da kanta ta cire ta daga makarantar, yarinya mai ƙoƙari yanzu tana gida. Jama'a farfaɗiya ba a ɗaukarta, ba ta yawu ba ba ta taɓawa ba, wutar ƙwaƙwalwa ce take rikicewa na ɗan lokaci, kusan mutum miliyan 50 ne suke da ita a duniya kuma hukumar lafiya ta ce har kashi 70 cikin 100 za su iya daina faɗuwa in sun samu magani daidai. In yaro ya faɗi a kawar da abin da zai ji masa ciwo, a sa masa abu mai laushi a ƙarƙashin kai, kar a danne shi kar a cusa masa cokali ko komai a baki, in ya lafa a kwantar da shi ta gefe, a duba agogo in ya wuce minti 5 a yi asibiti. Iyo da hawa sama da zama kusa da wuta su ne ake sa ido a kai, sauran wasa kam ya yi abinsa. Wannan bayanin bai kai minti biyu ba amma rashinsa ya raba yarinya da karatu.

Inda nake da ƙorafi na gaske akan makarantu shi ne yadda ake juya abin a baibai, inda ya kamata a yi sassauci nan ake tsanani, inda ya kamata a bar yaro nan ake hana shi. Yarona an hana shi fili dan tausayi, amma wani sabon malami ya karɓe gorar ruwansa wai doka ta hana sha a aji, kuma ya hana shi fita bayan gida wai ya cika neman fita yana gudun darasi, alhali masu sikila ƙodarsu bata iya riƙe ruwa kamar ta kowa, dole su sha da yawa dole su yi fitsari da yawa. Yaro ya daina shan ruwa da safe dan kar ya ji kunya, kwana uku muka yi a gado. Da aka tashi fita yawon buɗe ido kuma sai aka aiko min da takarda mai daɗin baki cewa sabida lafiyarsa gara ya huta a gida, ba a tambaye ni ba ba a tambaye shi ba, washegari 'yan aji suna ta hirar abin da suka gani shi yana sauraro. Ban kama sunan kowa ba dan nasan ba mugunta ba ce, malamin ma tsoron kar abu ya faru a hannunsa yake, kuma babu wanda ya taɓa koya masa komai akan wannan.

Wani abu kuma da ba a cika lura da shi ba shi ne dawowa bayan jinya. Yaro ya yi sati biyu ko uku baya nan, ya dawo an wuce shi a lissafi, an raba ayyukan rukuni babu sunansa, abokinsa ya yi sabon aboki, sannan ga shi a ido lafiyarsa ƙalau dan ciwon baya nunawa a fuska, in ya kwantar da kai akan tebur sai a ce lalaci ne ko shagwaɓa. A hankali sai shi da kansa ya daina neman shiga, in an ce zo ya ce a'a na gaji ko da bai gaji ba, dan ya riga ya koyi cewa wurinsa gefe ne. Wannan ya fi bani tsoro yanzu fiye da da, sabida magani ya ci gaba, ga haidiroksiyuriya maganin masu sikila ga rigakafi ga hoton jijiyoyin kai da ake yi wa yara dan gudun shanyewar ɓarin jiki, yaran nan da yawansu da yardar Allah za su girma su zama manya, to babban da bai taɓa zuwa aike ba bai taɓa faɗa da aboki sun shirya ba bai san lokacin shan maganinsa ba sai Umma ta miƙo, yaya zai yi ranar da babu Umma.

Roƙona ga likitoci da nas-nas, dan Allah in za ku rubuta wa makaranta takarda kar ku tsaya a yana da ciwo kaza a kula da shi, dan malami in ya ga a kula da shi abin da ya fahimta shi ne a zaunar da shi. Ku rubuta abin da zai iya yi da farko, sannan abin da zai kiyaye, alamomin da in an gani za a kira gida, da lambar da za a kira, shafi ɗaya ya isa. Kuma ku riƙa tambayar yaron da bakinsa ko yana wasa, ko yana da aboki, ko an tafi wani waje an barshi, kamar yadda kuke tambayar nawa jininsa yake. Malamai kuma ba kuɗi ake nema a wajenku ba, gorar ruwa ce akan tebur, izinin fita ba sai an ɗaga hannu an yi bayani a gaban aji ba, inhela a aljihu, in ba zai iya zagaye fili uku ba ya yi ɗaya, in ranar jikin babu daɗi a bashi usur ya yi alƙalanci, wannan ma yana ciki ana yi da shi, ba kamar gadin takalma ba. Mu iyaye kuwa sai mun danne zuciya, kuma mu daina yin magana akan yaro yana zaune kamar baya wajen.

Ba zan yi maka ƙarya in ce tun da na sake shi komai ya tafi daidai ba. Wata biyu da fara wasansa ya zarme wata rana ya ƙi fitowa da ya gaji dan ana cinsu, ya manta da ruwa, da daddare ciwo ya tashi muka kwana asibiti, kuma har da masu zuwa dubiya suna cewa ga irinta nan ai dama mun faɗa. Na kusa komawa gidan jiya wallahi. Abin da ya tsayar da ni shi ne na ɗauko katin asibitinsa na duba shekarun da yake gadin jaka, na ga a cikinsu ma babu shekarar da bamu kwanta ba, zaman bai taɓa hana ciwon zuwa ba. Da ya warware muka zauna ni da shi da babansa na ce masa kai ne mai jikin, kai za ka riƙa sanin lokacin fitowa ba ni ba, shi ya kawo shawarar ya koma gola tunda can gudun bai kai na tsakiya ba kuma gorarsa tana nan jikin raga. Ni ko shekara zan yi ina tunani wannan dabarar ba za ta zo min ba.

Yanzu shi yake share tsakar gida ranar da jikin yake da daɗi, shi yake saita ƙararrawar waya ta shan maganinsa, ana aikensa kusa, ƙanwar ma ta daina ƙorafi. Satin da ya wuce ya shigo da wando a yage gwiwa a ɗaye duk ƙura, na miƙe zan yi ihu sai na ga yadda yake washe baki, ya ce Umma sun ci mu uku amma na kaɗe fenariti. Na wanke ciwon na duba shi da kyau na sa magani, na taɓa goshinsa babu zafi, na ce maza ka shanye ruwan nan ka cire kayan, wandon kuma gobe kai za ka wanke abinka.

Na gode Edita da wannan fili, Allah ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka, ya ba marasa lafiyarmu lafiya.

Taku,
Mahaifiyar wani yaro mai sikila